Batir, Bakanike da Dillali: Abin da Ke Yanke Darajar Motar Lantarki da Haibirid a Katsina

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin duk mai mota ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin shekarar 2024 ta ƙare sai da ta tsallake naira 1,000 a gidajen man Arewa. A watan Oktoban 2024 ne kuma Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da ɗauke harajin VAT daga wasu kayayyakin makamashi, ciki har da iskar gas ta CNG da motoci masu aiki da lantarki. Tsadar mai da wannan sassauci na haraji su suka sa zancen motar da ba ta shan fetur, ko wadda take shan kaɗan, ya baro shafukan jaridu ya shigo majalisu da garejin kanikawa da wuraren sayar da motoci a Katsina da Daura.

Sai dai zancen ya zo da ruɗani. Wani zai ce batirin motar kamar na waya yake, shekara biyu ya kumbura. Wani kuma zai rantse cewa motar lantarki ba ta zuwa gareji sam. Mai niyyar saye kuwa tambayoyi uku ne a ransa: motar za ta bar ni a hanya? Batirin shekara nawa zai yi? In na tashi sayarwa, nawa zai dawo hannuna? Alƙaluman da ake da su a rubuce kusan duka daga Amurka da Turai da Sin suka fito, inda yanayi da hanyoyi da kasuwa suka sha bamban da namu, saboda haka dole a tantance wane ɓangare nasu ne yake aiki a nan, wanne ne kuma zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu za su sauya.

Wace mota ake nufi?

Ana yawan cakuɗa nau'o'i uku wuri ɗaya. Ta farko ita ce haibirid, wadda za a iya kira ruwa-biyu: tana da injin fetur kamar kowace mota, sannan tana da injin lantarki da batir madaidaici da ke taimaka masa. Ba a jona ta a soket, domin batirin yana samun caji daga injin fetur da kuma ƙarfin da ake tattarowa duk lokacin da direba ya taka birki. Toyota Prius da Camry Hybrid da Lexus RX 450h duk a wannan aji suke. Ta biyu haibirid ce mai karɓar caji daga waje, wadda batirinta ya fi girma har takan yi tafiyar kilomita 40 zuwa 80 ba ta taɓa fetur ba, kafin injin ya karɓa. Ta uku ita ce lantarki zalla, irin su Tesla da Nissan Leaf da Hyundai Kona Electric, wadda ba ta da tanki, ba ta da salansa, ba ta da fulogi, ba a kuma yi mata juyen baƙin mai. Motar da aka mayar mai amfani da CNG ba ta cikin waɗannan, tunda injinta na nan yadda yake, abinci kawai aka sauya masa.

Girman batir ana auna shi da kilowat-awa, wanda shi ne yunit ɗin da ake saye a mitar kati. Batirin tsohuwar Prius bai kai yunit biyu ba, na Leaf ta farko yunit 24 ne, yawancin motocin lantarki na yanzu kuma suna ɗauke da 50 zuwa 80. Lafiyar batir kuwa ita ce kason da ya rage daga abin da yake iya riƙewa yana sabo: batirin yunit 60 da lafiyarsa ta sauka zuwa kashi 80 cikin ɗari, yunit 48 kawai zai ɗauka ko da allon mota ya nuna ya cika. Ban da babban batirin, kowace daga cikin motocin nan tana da ƙaramin batir mai bolt 12 irin wanda kowa ya sani, kuma idan ya mutu motar ba za ta kunnu ba ko da babban yana cike.

Yadda aka zo nan

Fasahar ba ta jiya ba ce. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan a watan Disambar 1997, Nissan kuma ta fitar da Leaf a watan Disambar 2010. A Najeriya, kamfanin Stallion ya harhaɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas aka nuna ta a ƙarshen 2020, a zamanin da Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato wanda ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Hukumar ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, kuma gwamnatin Borno ta saka tasi masu lantarki a titunan Maiduguri a ƙarshen 2023.

Duk da haka, kasuwar mota a Katsina kasuwar kwance ce, kafin hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017 da kuma bayansa. Abin da ke isowa hannun yawancin mutane mota ce da wani ya hau shekara takwas ko goma a Amurka ko Turai, wani lokaci ma wadda ta yi haɗari aka yi gwanjonta aka gyara. Wannan shi ne babban abin da ya raba mu da ƙasashen da alƙaluman suka fito: su suna magana a kan farkon rayuwar mota, mu kuma rabinta na biyu muke saye.

Aminci: rahotanni biyu da suka yi kamar suna karo

Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke tambayar masu motoci matsalolin da suka fuskanta cikin shekara, ta fitar a ƙarshen 2023 cewa motocin lantarki zalla sun fi na fetur yawan matsala da kashi 79 cikin ɗari, haibirid mai karɓar caji daga waje ta fi su da kashi 146, ita kuwa haibirid ta asali matsalolinta sun gaza na motar fetur da kashi 26. Bayan shekara guda tazarar ta ragu zuwa kashi 42 da kashi 70, haibirid kuma ta yi kunnen doki da ta fetur. A ɗaya gefen, ƙungiyar ADAC ta Jamus, wadda ke kai ɗauki ga motocin da suka mace a hanya, ta nuna a rahotonta na 2025 cewa a tsakanin motoci masu shekara biyu zuwa huɗu, yawan macewar na lantarki bai kai rabin na masu injin mai ba.

Saɓanin yana cikin abin da kowanne ya ƙirga. Na farko ya haɗa duk abin da ya ɓata wa mai mota rai, daga allon da ya daskare zuwa ƙofar da ba ta rufuwa da kyau zuwa cajin da ya ƙi shiga, kuma irin waɗannan sun fi yawa a sabbin samfura da kamfanonin da ba su daɗe da fara ƙera mota ba. Na biyu ya ƙirga motar da ta tsaya cik. Injin lantarki sassansa masu motsi kaɗan ne, don haka wuraren lalacewa sun ragu, kuma a Jamus abin da ya fi tsayar da motoci, na lantarki da na mai duka, shi ne wancan ƙaramin batir mai bolt 12. Kyakkyawan sakamakon haibirid kuma ba abin mamaki ba ne, domin akasarinsu na Toyota ne, wadda ta shafe fiye da shekara 25 tana gyara tsari ɗaya, tsarin da ba shi da kik ko altaneta irin na sauran motoci, ga shi kuma takalmin birki yana daɗewa saboda injin lantarki ne ke ɗaukar yawancin aikin rage gudu.

Idan aka dawo gida, aminci ya rataya ne a kan hannun da zai taɓa motar. Dabarun da kanikawanmu suka saba da su a kan Golf da Peugeot, kamar cire abin daidaita zafin inji ko haɗa fanka kai tsaye, suna iya rikita kwamfutar haibirid. Wayoyin da aka lulluɓe da launin ruwan lemo suna ɗauke da bolt 200 zuwa sama, a motar lantarki zalla ma sukan kai 400, kuma suna iya kashe wanda ya taɓa su da ganganci. Akwai ma wani ƙaramin abu da kan jawo babbar asara: kwamfiresan AC na waɗannan motoci da lantarki yake aiki, yana kuma buƙatar wani mai na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, idan mai gyaran AC ya zuba masa man da ya saba zuba wa kowace mota, wuta za ta iya fara zurarewa har kwamfutar ta hana motar tashi. Sannan batirin motar lantarki a ƙarƙashinta yake shimfiɗe, saboda haka rami mai zurfi da tudun rage gudu da aka yi ba bisa ƙa'ida ba da ruwan da ke kwanciya a titi da damina duk abin lura ne, ga kuma nauyin motar da ke cin taya da shokozoba fiye da yadda aka saba.

Batir da zafin Katsina

Nan ne maganar ta fi nauyi. Batirin litiyam, irin wanda motocin lantarki ke amfani da shi, yana tsufa ta hanya biyu: ta yawan caji da saukewa, da kuma wucewar lokaci ko da an ajiye motar ba a hawa. Zafi yana hanzarta duka biyun, kuma masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa ƙarin digiri 10 yakan kusa ninka saurin lalacewar. Batir ya fi son yanayin da bai wuce digiri 20 zuwa 30 ba, alhali a Katsina da Daura zafin rana yana kaiwa digiri 40 ko fiye a watannin Afrilu da Mayu, kwalta kuma ta fi haka zafi, ga batirin yana 'yan tazara kaɗan a samanta.

An taɓa gwada irin wannan a aikace. A shekarar 2012 masu Nissan Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona, wanda zafinsa na bazara ya yi kama da namu, sun yi ta ƙorafin cewa batiransu sun ragu sosai cikin shekara ɗaya ko biyu. Dalilin shi ne batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya, iskar da ke kewaye da shi kawai yake dogaro da ita. Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ke tattara bayanai daga dubban motoci, ya kwatanta samfuran 2015 ya ga Leaf tana asarar kimanin kashi 4.2 cikin ɗari a shekara, Tesla Model S mai ruwan sanyaya kuma kashi 2.3. Ga motocin lantarki a dunƙule, kamfanin ya sami matsakaicin asarar kashi 2.3 a shekara a bincikensa na 2019, da kashi 1.8 a na 2024, ya kuma lura cewa yanayi mai zafi da yawan caji mai sauri suna ƙara ta. Saboda haka tambayar da ta fi “shekara nawa zai yi” amfani ga mai saye a nan ita ce: da me ake sanyaya batirin?

Batir ba ya mutuwa dare ɗaya a mafi yawan lokuta, raguwa yake yi. Motar da take yin kilomita 400 tana sabuwa, idan tana asarar kashi 2 a shekara, bayan shekara goma za ta tsaya a wajen kilomita 320. Ga mai zirga-zirga tsakanin Ƙofar Ƙaura da sakatariya da makarantar yara wannan ba komai ba ne. Ga mai zuwa Daura ya dawo, tafiyar da ba ta wuce kilomita 160 ba, har yanzu da sauran sarari. Amma Katsina zuwa Kano da dawowa kimanin kilomita 340 ne, kuma gudun babbar hanya da AC a kunne suna cin caji fiye da abin da aka rubuta a takarda, don haka tafiyar da sabuwar mota take yi da ƙyar, tsohuwa ba za ta yi ta ba sai ta tsaya caji.

Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 a kan babban batir, galibi da alƙawarin gyara ko sauyawa idan lafiyarsa ta faɗi ƙasa da kashi 70. Toyota ta tsawaita na batirin haibirid a Amurka zuwa shekara goma ko kimanin kilomita 240,000 daga samfurin 2020. Garantin nan shaida ce ta yadda kamfanonin suka yarda da kayansu, amma a mafi yawan lokuta ba ya bin mota zuwa ƙasar da ba a sayar da ita ba, kuma motar gwanjon haɗari takan rasa shi gaba ɗaya. Haka nan kiran gyara: lokacin da General Motors ya janye motocin Chevrolet Bolt kusan 140,000 a 2020 da 2021 saboda lahanin batir mai iya haddasa gobara, masu motar a Amurka kyauta aka yi musu aikin, wanda kuwa ya sayi irinta a kwance a nan sai ya bincika da lambar jikin motar ko an yi mata kafin a turo ta.

Sinadarin batir ma yana da tasiri. Nau'in da ake kira LFP, wanda kamfanonin Sin irin su BYD suka fi amfani da shi, ya fi jure zafi da yawan caji, ya kuma fi wuyar kama wuta, ko da yake ya fi nauyi a kan yunit ɗaya. Nau'in NMC mai nikel da kobalt ya fi nisan tafiya, amma ya fi son a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80, kuma barinsa cike maƙil a cikin rana na rage masa kwana.

Batirin haibirid labarinsa dabam ne. Na tsofaffin Toyota na nikel ne, iska ce kuma ke sanyaya shi ta wata ƙaramar fanka mai zuƙo iskar cikin mota daga kusa da kujerar baya. Ƙurar hunturu tana toshe wannan hanya, fasinja ko kaya ma suna iya rufe ta, kuma batirin da ba ya samun iska yakan dahu a hankali ba tare da direba ya sani ba. Share fankar aiki ne mai sauƙi mai araha da mutane da yawa ba su san da shi ba. Batirin Prius ta 2004 zuwa 2015 ƙulli 28 ne aka jera, kuma idan ɗaya ya raunana masu gyara sukan cire shi su sa na kwance. Gyaran yana tayar da mota, amma sauran 27 shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu, shi ya sa matsalar kan dawo bayan watanni. Akwai kuma kuskuren fahimta da ya yaɗu, cewa idan batirin ya mutu sai a ci gaba da hawa da fetur kawai. A tsarin Toyota babban batirin ne yake tayar da injin fetur ɗin, in ya mutu motar ta zauna.

Caji: wutar wa?

A ɗauki litar fetur a kan naira 1,000 don sauƙin lissafi. Ƙaramar motar fetur mai shan lita takwas a kilomita 100 za ta ci naira 8,000, haibirid mai shan lita biyar kuma naira 5,000. Motar lantarki tana buƙatar kimanin yunit 20 a wannan tafiya idan aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji, wanda a farashin wuta na 2024 ga rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, kusan naira 210 a yunit, ya kama naira 4,200. Da janareta kuwa lissafin ya juya, domin ƙaramin janareta na fetur da ƙyar yake ba da yunit biyu a lita ɗaya, wato lita goma kenan, fiye da abin da motar fetur za ta sha.

Soket ɗin gida yana ba da yunit biyu zuwa uku a awa, saboda haka cika batirin yunit 60 zai ɗauki kusan yini da kwana na wuta ba yankewa, abin da yawancin unguwannin da KEDCO ke ba wuta ba su saba gani ba. Wanda ya tuna yadda Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, ya san abin da dogaro da layi ɗaya yake nufi. Abin da Katsina take da shi a wadace rana ce: faifan sola mai ƙarfin kilowat biyar yakan tara yunit 20 ko fiye a yini mai haske, wanda ya kai tafiyar kilomita 100. Amma kuɗin kafa shi wani jari ne dabam da ya kamata a ɗora a kan farashin motar, kuma motar tana buƙatar kasancewa a gida da rana, lokacin da mai ita yake wurin aiki. Bakin caji ma ba iri ɗaya ba ne: na motar Amurka dabam, na Turai dabam, na Sin dabam, na Japan dabam.

Ranar sayarwa

A Amurka, kamfanin iSeeCars da ke nazarin cinikin motocin hannu ya fitar a 2023 cewa motar lantarki tana asarar kashi 49.1 cikin ɗari na kuɗinta cikin shekara biyar, haibirid kashi 37.4, matsakaicin duk motoci kuma kashi 38.8. A rahotonsa na 2025 asarar ta lantarki ta hau zuwa kashi 58.8, ta haibirid ta tsaya a kashi 40.7. Babban dalilin bai shafi lalacewa ba. A watan Janairun 2023 Tesla ta zaftare farashin sabbin motocinta, wasu da kusan kashi 20, kuma duk ranar da sabuwa ta yi araha tsohuwa ce ke biyan kuɗin. Bayan shekara guda kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar da sayar da motocin lantarki kimanin 20,000, yana kuka da tsadar gyara da faɗuwar daraja. Batirin kansa yana ta araha, daga sama da dala 1,000 a yunit a 2010 zuwa dala 115 a 2024 bisa ƙididdigar BloombergNEF, don haka sabon samfuri yana zuwa da nisan tafiya mai yawa a kuɗi kaɗan.

Wannan faɗuwa tana da fuska biyu a gare mu. Ita ce ta sa motar lantarki ta hannu take araha a inda dilolinmu ke sayowa, kuma wanda ya saye ta bayan ta riga ta faɗi bai ɗauki asarar farko ba. Amma kasuwarmu tana da nata ma'auni. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, mutane da yawa sun sayar da tsofaffin motocinsu fiye da yadda suka saya, saboda haka adadin naira ba ya nuna riba ko asara. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a kwatanta da Corolla mai shekaru iri ɗaya, a kuma duba kwana nawa motar za ta yi a hannun dillali.

A ƙasar Hausa mota ajiya ce, kamar sa ko fili, wadda ake sayarwa idan aurar da 'ya ya taso ko kujerar Hajji ko kuɗin asibiti. Darajar irin wannan ajiya tana cikin yawan masu iya sayenta gobe da safe. Corolla kowa na so, domin kowane bakanike ya san ta, kayanta kuma suna nan a Katsina, in babu a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Haibirid masu sayenta sun fi kaɗan, kuma dillali yakan fara rage kuɗin batir daga tayi tun kafin a duba. Lantarki zalla kuwa sai wanda yake da wurin caji. Ga tsoron da ke bayan tayin: batirin yunit 60 ko a farashin masana'anta na dala 115 a yunit ya kai dala 6,900, sama da naira miliyan goma idan dala tana naira 1,500, ban da jigila da kuɗin fito da aikin hannu. Sauya batir gaba ɗaya ba kasafai yake faruwa ba a motocin zamani, amma mai saye da ba shi da hanyar auna lafiyarsa cinikin biri a sama yake yi, don haka yakan taya kamar batirin ya riga ya mutu. Alhali aunawar mai yiwuwa ce: ana jona na'urar bincike a jikin motar ta karanto lafiyar batirin da bambancin ƙarfi tsakanin ƙullayensa, Leaf ma tana nuna tata da layuka 12 a allon direba.

Masu goyon baya da masu ɗari-ɗari

Masu goyon baya suna kafa hujja da cewa tallafin mai ba zai dawo ba, rana kyauta ce, batir yana araha kowace shekara, kuma ƙarancin kanikawa matsala ce ta lokaci, kamar yadda aka yi ta gudun motoci masu kwamfuta da giyar otomatik a farko kafin su zama ruwan dare. Sukan kawo misalin Habasha, wadda ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a farkon 2024. Masu ɗari-ɗari kuma suna cewa Habasha ta dogara ne da wutar madatsun ruwa mai araha, cewa cire VAT bai cire kuɗin dala ba, kuma ƙasar da ke sayen tsofaffin motoci tana iya zama juji ga batiran da suka gaji a wasu ƙasashe, ba tare da tsarin tattara su ko sake sarrafa su ba. Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba su saɓa sosai a kan fasahar ba. Saɓaninsu a kan lokaci ne, da kuma wanda zai ɗauki asara kafin lokacin ya zo.

Wa abin zai shafa, kuma ta yaya?

Ma'aikacin da tafiyarsa ta cikin gari ce, yake da gareji mai inuwa da sola a gida, shi ne ya fi kusa da cin ribar lantarki zalla, musamman idan batirin mai ruwan sanyaya ne ko LFP, kuma yana da niyyar riƙe motar shekaru da yawa maimakon juya ta. Mai mota ɗaya tilo da ke zuwa Funtuwa ko Kaduna ko Abuja, haibirid ce ta fi dacewa da halin da hanyoyin suke ciki, ko da yake ribarta ta fi fitowa a cunkoson gari fiye da doguwar hanya, inda injin fetur ne ke yin kusan duk aikin. Direban haya shi ya fi kowa tara ribar mai saboda yawan kilomita, shi ne kuma ya fi kowa jin zafin kwana uku a gareji ana jiran kaya daga Legas.

Ga kanikawa, juyen baƙin mai da gyaran salansa za su ragu a hankali, aikin wayarin da na'urar bincike kuma zai ƙaru, kuma cibiyoyi irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura su ne wuraren da irin wannan horo zai fi dacewa da su. Ga dilolin mota, wanda ya fara ba mai saye takardar gwajin batir tare da takardun kwastam zai iya tsayawa a kan farashinsa, domin ya cire abin da ake fakewa da shi a karya tayi. Mai saye kuma yana da abubuwan da zai iya nema tun kafin ya biya: tarihin motar ta lambar jikinta, don a san ko ta taɓa nutsewa a ambaliya ko yin haɗarin da ya taɓa ƙasanta, sakamakon gwajin batirin a gabansa, da sunan garejin da zai karɓe ta a Katsina ko Kano ranar da fitilar gargaɗi ta kama.